Sharhi: Yadda aka gano makeron kan ɗana a sashen likitan fata, da maganin da aka ba mu

Uwar da makero ya kama kan ɗanta, shawarata gare ta ita ce ta kai shi a kankari wurin a duba a ɗakin gwaji kafin ta kashe ko kwabo a kan man shafawa. Na faɗi haka ne bayan na yi jinyar ɗana a sashen likitan fata na wani babban asibiti a nan cikin garin Bauchi. Na yaba da aikinsu ƙwarai, duk da akwai abubuwan da suka dame ni, kuma zan faɗe su.

Yaron yana aji uku a firamare. Abin ya fara ne da bazara, lokacin da zafin Bauchi ke hana barci a ɗaki. Wani ɗan zagaye ne ya fito a ƙeyarsa, gashin wurin ya kakkarye, fatar ta yi fari-fari tana ɓarewa. Mai kemis ɗin unguwarmu ya ba mu irin man nan da ake cewa mai aiki uku, ya ce a shafa safe da yamma. Da farko ƙaiƙayin ya tsaya cak, har muka yi hamdala. Ba a daɗe ba wurin ya ƙara faɗi, bakinsa ya daina fita sosai, wani ya tsiro kusa da kunne, daga baya na ƙeyar ya kumbura ya yi laushi yana tsattsafo da ruwa. Kaluluwa ta fito masa a bayan wuya. Kakarsa ta ce maruru ne, a kai wa wanzami ya tsaga. Malamarsu ta Islamiyya ce ta ja ni gefe ta ce, "Maman yara, kada ki bari a sa masa aska. Ki nemi likitan fata."

Ba kullum likitocin fata suke zama ba, suna da ranakunsu, don haka sai mutum ya tambaya kafin ya ɗauki hanya. Ranar da suke zama kuwa, wanda bai fito bayan sallar asuba ba zai wuni. Na tarar da mutane daga Dass, da Toro, da Darazo, har da wani dattijo da ya ce daga Misau ya kwana a hanya. Bencina ba su isa ba, tsofaffi na tsaye, masu goyo na zaune a ƙasa. Wannan ya sosa min rai. Likitocin fata ba su da yawa a ƙasar nan, kowa ya sani, amma ƙarin benci da inuwa ba sai an jira ƙwararre ba.

Da muka shiga, likitar mace ce. Abin da ta fara cewa bayan gaisuwa shi ne, "Hajiya, me da me aka shafa masa?" Allah ya sa kwalin man yana cikin jakata. Ta karɓa, ta juya bayansa, ta nuna min sunaye uku da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe. Ɗaya maganin ƙwayar makero ne, ɗaya maganin ƙwayoyin da ke kawo mugunya, na ukun kuma sunansa betamethasone, wanda ta ce dangin sitiroyid ne. A wasu kwalayen clobetasol ake rubutawa, shi ya ma fi ƙarfi. Aikin sitiroyid shi ne kwantar da kumburi da ƙaiƙayi, kuma yana yin haka ne ta hanyar danne garkuwar jiki a wurin da aka shafa. To ita garkuwar ce ke yaƙi da cutar. Idan aka danne ta, ido zai ga sauƙi, cutar kuma ta samu fili, kamar dai a rufe garwashi da toka. Ta ce likitoci sun daɗe da sanin wannan, domin tun a 1968 wasu likitoci biyu a Ingila suka rubuta yadda sitiroyid ke ɓadda kamannin makero har likita ya kasa gane shi da ido.

Ta yi tambayoyi da yawa, kuma ba cikin gaggawa ba. Ina ake yi masa aski? Su nawa ne a ɗakin da yake kwana? Suna musayar hula ko mataji? Akwai kyanwa ko akuya a gidan? Ta sa safar hannu ta taɓa kumburin a hankali, ta shafa bayan wuyansa, sannan ta ce wannan ba maruru ba ne, jiki ne ya tashi haiƙan yana faɗa da cutar da ke cikin saiwar gashi. Tsaga shi ba ya fitar da komai sai ƙarin tabo.

Gwajin shi ne abin da ya fi burge ni, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Da farko an kashe fitilar ɗakin, ta haska kansa da wata ƙaramar fitila mai shuɗin haske. Ta ce wasu nau'o'in ƙwayar suna sa gashi ya yi ƙyallin kore a ƙarƙashinta, wasu kuma ba sa yi ko kaɗan, don haka rashin ƙyalli ba ya wanke yaro. Nasa bai yi ba. Sai ta ɗauki wata 'yar reza ta kankari ɓawon da ke gefen zagayen, ba tsakiya ba, ta tsinci guntayen gashin da suka karye da hantsaki, ta naɗe su a baƙar takarda. Babu jini, babu allura. Yaron da ya shigo yana maƙale da hijabina bai ko yi ƙwalla ba. A ɗakin gwaji aka ɗora abin a kan gilashi, aka ɗiga wani ruwa da ke narkar da fata da gashi ya bar ƙwayar cutar, aka ɗan jira, aka sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ma'aikacin wurin, Allah ya saka masa da alheri, ya bar ni na leƙa. Na ga silin gashi guda ya zama ƙato, cikinsa cike da ƙananan ƙwallaye a jere. Ya ce, "Hajiya, kin ga inda take zaune? A ciki take."

Ganin nan ya warware min komai. Ƙwayar makero dangin funfuna ce, ba tsutsa ba ce, kuma idan a fatar hannu ko ciki take, man shafawa na gaskiya yana iya kashe ta. Amma a kai tana shiga cikin silin gashi ta gangara har saiwa, inda babu man da zai kai, komai tsadarsa. Dole sai magani ya bi ta jini. Kuɗin gwajin bai kai abin da mutane ke kashewa a kan mayuka da sabulai kala-kala ba, kuma a ranar muka karɓi sakamako. Akwai gwaji na biyu da ake shuka ƙwayar a jira ta tsiro don a san ainihin nau'inta, yana cin mako biyu zuwa huɗu. Likitar ta ce ba za mu jira shi ba kafin fara magani.

Maganin da ta rubuta sunansa griseofulvin. Sai da aka ɗora yaron a kan sikeli, domin da nauyin jiki ake auna shi, shi ya sa ba zan faɗi adadin da aka ba mu ba, kada wata ta kwaikwaya. Ana sha kullum tsawon mako shida zuwa takwas, wani lokaci fiye. Ta jaddada cewa a ba shi tare da abinci mai maiƙo, don ba ya shiga jini sosai idan ciki babu mai. A Bauchi wannan ba matsala ba ce: masa da safe, ko ƙosai, ko kofin madara. Na ruwan da ya fi sauƙi ga yara na neme shi a shagunan magani ban samu ba, sai ƙwaya, ita nake niƙawa in zuba a cikin nono. A kwanakin farko ya yi kukan ciwon kai da tashin zuciya, daga baya suka wuce. An gargaɗe ni cewa mai juna biyu ba ta shan sa, kuma idan na ga idonsa ya yi rawaya ko ƙuraje sun feso masa a jiki, in tsayar in dawo da shi nan take.

Tsohon magani ne. A 1958 aka fara ba mutane shi su sha, kuma kafin zuwansa, a Turai da Amurka hasken hoton ƙashi ake haska wa kan yara don gashin ya zube gaba ɗaya, abin da daga baya aka gano ya jawo wa wasu ciwon daji. Idan na tuna wannan sai in ga ɗacin ƙwaya ba komai ba ne. Akwai wani sabo a kansa, terbinafine, wanda ake gamawa cikin kamar mako huɗu. Na tambayi likitar me ya sa ba ta ba mu shi ba. Ta ce binciken da aka yi a kan yara ya nuna kowanne da inda ya fi ƙarfi: sabon ya fi cin wani dangin ƙwayar, tsohon ya fi cin wani, kuma tunda a yankinmu ana samun duka biyun, ta zaɓi wanda ta fi natsuwa da shi. Na ji daɗin yadda ta amsa min kamar mai hankali, ba ta ce "ke dai ki ba shi" ba.

Ta kuma ambaci Indiya, inda wani nau'in makero da ba ya jin terbinafine ya bazu, har masana suka ba shi suna na kansa a 2020, kuma yawan shafa irin waɗannan mayuka masu haɗin sitiroyid yana cikin abubuwan da ake zargi. Wannan magana ta tsaya min a rai, domin mayukan nan a ko'ina suke a garin nan, daga kemis har teburin mai kayan kwalliya a kasuwar Wunti da Muda Lawal, kuma babu mai tambayar takardar likita. A kan benci na zauna kusa da wata baiwar Allah da ta shekara tana haɗa irinsu da man bilicin. Fatar hannunta ta yi siriri har jijiyoyi sun bayyana, nankarwa ta tsattsaga mata damtse. Ba ta san sinadari ɗaya ne da wanda aka shafa wa ɗana ba.

Bayan ƙwayar akwai sabulun ruwa na wanke kai mai ketoconazole, sau biyu a mako, a bar kumfar ta ɗan jima kafin a ɗauraye. Shi ba ya warkarwa shi kaɗai, yana rage yaɗuwa ne, shi ya sa aka ce 'yan'uwansa ma su yi amfani da shi ko ba su da alama. An ce a wanke rigar matashi da huluna da ruwan zafi, a jiƙa mataji a ruwan bilic, domin ƙwayar tana iya yin watanni a jikin kaya da ranta. Ba a ce a aske kan ƙwal ba, ba a kuma hana shi makaranta ba tunda ya fara magani. Babansa ya sayo injin aski na gida, yanzu da shi ake zuwa shago. Na zaci mai askin zai ji haushi, sai ya ce, "Wallahi Alhaji, da kowa zai yi haka da mun huta."

Sauƙin bai zo da wuri ba. Kumburin ne ya fara sacewa, ruwan ya ƙafe, kaluluwar ta koma, sai can daga baya gashi ya fara tsirowa siri-siri. Wurin haɗari shi ne tsakiyar jinya, lokacin da kai ya yi kyau a ido, yaro ya gaji da ƙwaya, mutanen gida suna cewa ai ya warke. Likitar ta riga ta faɗa min haka zai faru, don haka muka ci gaba har ƙarshe. Da muka koma aka sake kankara, ba a ga komai ba. Akwai ɗan wuri a ƙeyar, inda kumburin ya fi tsanani, da har yanzu gashinsa bai cika ba. Ta faɗa min gaskiya cewa yana iya cikewa a hankali, yana kuma iya zama tabo.

Abin da nake roƙon sashen ya gyara, bayan wurin zama, shi ne bayani a rubuce. Duk abin da na lissafa a sama da baki aka faɗa min, a ɗaki mai hayaniya, ga wasu na jira a bakin ƙofa. Ni na yi karatu, na rubuta a bayan katin. Dattijon nan na Misau fa? Takarda guda da Hausa, boko da ajami, mai cewa a sha da abinci mai mai kuma kada a tsaya sai an gama, za ta ceci jinyar mutane da yawa. Haka kuma labule kaɗai ne tsakanin marar lafiya da na bayansa, alhali wasu cututtukan fata a wuraren da mace ba za ta iya faɗa da ƙarfi ba suke. Sannan ina tunanin almajiran da nake gani da irin wannan zagaye a kai, uku huɗu a tsangaya ɗaya, aska ɗaya, tabarma ɗaya. Maganin da ke buƙatar mako shida ana sha kullum da abinci mai maiƙo yana buƙatar babba a tsaye a kansa, kuma ina fata masu wannan aiki za su riƙa fita zuwa tsangayu da makarantun firamare, su duba yara a can tare da malamansu.

Wadda za ta je ta tafi da kwalin duk abin da aka taɓa shafawa ko aka sha, har na gargajiya. Kada ta shafa wa kan mai ko magani a 'yan kwanakin da suka gabaci zuwan, domin maiƙo yana ɓata abin da za a kankara, a ce ta sake dawowa. Idan akwai ƙani ko wa da ke sosa kai, ta haɗa su a duba su rana ɗaya.