Tankin ruwan zafi da duba-garin Amurka

A watan Janairun 2024, ana tsakiyar sanyin da ke daskarar da ruwa a kan titi, na sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidanmu da ke jihar Ohio gab da sallar asuba, sai na ji ƙafata ta tsunduma cikin ruwa. Tankin da ke dafa wa gidan ruwa ne ya huje daga gindi, ruwa mai launin tsatsa ya malala har ƙarƙashin kwalayen littattafai da kayan yara. A nan wanka da wanki da wanke-wanke duk a wuyan wannan tanki guda suke, kuma ruwan famfo a irin wannan wata, idan mutum ya yi alwala da shi, sai yatsunsa sun ƙage.

Tankin na galan 50 ne, wato kimanin lita 190, kusan durom guda, kuma da iskar gas yake aiki. Mai aikin famfon da na fara kira ya karɓi dala 89 kuɗin zuwa kawai, tun kafin ya taɓa komai, abin da har yau yake yi mini ciwo. Ya duba lambar da ke jikin tankin, ya ce a 2011 aka ƙera shi, alhali irinsa shekara 8 zuwa 12 yake yi. Daga nan ya tambaye ni yaushe rabon da na sauya sandar da ke cikinsa, na yi shiru domin ban taɓa jin labarinta ba. Ya kwance ta ya zaro, sai ga wata siririyar waya kamar tsinken tsintsiya. Ashe sanda ce mai kauri da ake sakawa musamman domin tsatsa ta cinye ta a maimakon jikin tankin, kuma idan ta ƙare ba a sauya ba, sai tsatsar ta koma kan tankin. Shekara biyar ina cikin gidan ban sani ba, kuma na ji kunya ƙwarai a gaban mutumin.

Kamfani uku na nemi su yi mini lissafi, kowanne ya turo nasa a rubuce. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne kuɗin aiki ya fi kuɗin tankin kansa. Mafi sauƙi a cikinsu dala 1,900 ne, kuma a ciki an jera kuɗin tanki, da na aiki, da na wani ƙaramin tanki da ke karɓar ruwan da ya kumbura saboda zafi, da na takardar izini daga hukumar gari, har da na ɗauke tsohon a kai shi juji. Na gwada neman ragi kamar yadda muka saba, aka amsa mini cikin ladabi cewa abin da ke rubuce shi ne farashi. Sun kuma auna wurin kafin su kawo sabon, domin tun da gwamnatin tarayya ta tsaurara ƙa'idar tattalin makamashi a 2015 tankunan suka ƙara ƙiba saboda abin riƙe zafi da ake naɗa musu.

An nuna mini wasu hanyoyin. Akwai na'urar da ba ta da tanki, wadda ke dafa ruwa a daidai lokacin da aka buɗe famfo, amma kuɗin girka ta ya ninka na tanki. Akwai kuma wadda ke zuƙo ɗumin iskar ɗaki ta dafa ruwa da shi, wadda a lokacin gwamnati ke rage wa mai saye kashi 30 cikin 100 na kuɗinta daga haraji, har zuwa dala 2,000. Ita ce ta fi kwanta mini, ganin cewa dafa ruwa kan ci kusan kashi 18 cikin 100 na makamashin gida a ƙasar nan, sai dai tana buƙatar a ja mata wayar wuta ta musamman, ni kuwa ga yara ba ruwan wanka. Wanda ya jira sai tanki ya fashe ba shi da sararin zaɓi. Wani dattijo daga cikin 'yan uwanmu ya ce mini: "Malam, akwai yaron da zai girka maka a rabin kuɗin, ba izini ba komai." Zuciyata ta karkata, amma uwargida ta ƙi, ta ce idan gobara ta tashi kamfanin inshora na iya fakewa da rashin takardar ya ƙi biya.

Kwana uku muka yi muna dafa ruwa a tukunya muna hawa bene da shi, kuma babu maƙwabcin da ya san halin da muke ciki. A kwanakin nan na yi ta tuna mahaifiyata a Kano, yadda takan hura wuta da asuba a lokacin hunturu ta surka mana ruwa a bokiti, da yadda maƙwabta kan aiko da tukunyarsu ba tare da an roƙa ba.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ya faru ne bayan an gama aikin na biya. Hukumar gari ta turo mai duba aiki, wata dattijuwa riƙe da tocila, wadda ban ga amfanin zuwanta ba tunda ruwan zafi na zuwa. Ta durƙusa ta duba bawul ɗin da ke buɗewa da kansa idan zafi ko matsin ruwa ya yi yawa domin kada tankin ya tarwatse, ta auna bututunsa ta tabbatar ya sauko har kusa da ƙasa. Ta bi mahaɗar gas ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan bututun hayaƙi sai ta tsaya, ta ce a buɗe ruwan zafi har wutar tankin ta kama, sannan ta kara ƙaramin madubi a bakin bututun. A gabana madubin ya yi hazo. Ta bayyana mini cewa bututun ya kamata ya riƙa hawa sama da aƙalla kwatan inci a kowace ƙafa, amma an kwantar da shi, don haka hayaƙin yana dawowa cikin gida. Wannan hayaƙi yana iya ɗaukar gubar da ba ta da wari ba ta da launi, irin wadda ke kashe mutum cikin barci, kuma ɗakin yarana yana saman wurin ne daidai.

Ta ƙi sa hannu. Na yi mata tayin shayi, ta yi godiya ta ƙi. Na zaci wani sabon kuɗi ne ya taso mini, amma washegari kamfanin ya dawo ya kwance bututun ya gyara, bai nemi ko sisi ba, domin lasisinsa ne a kan siraɗi. Sai da ta sake dawowa da madubinta ta ga ya fita tas, sannan ta sa hannu.

Jikina ya yi sanyi, domin gubar nan ita ce ta hayaƙin janareta da ta gawayin da ake kwana da shi a rufaffen ɗaki, waɗanda muke jin sun hallaka iyali guda a dare ɗaya, mu yi ta'aziyya mu tashi, ba wanda ya tambayi wa ya ajiye injin a bakin taga. Mu ma muna da duba-gari a da, kuma iyayenmu suna ba da labarin yadda ake share gida saboda tsoron zuwansu. Yanzu mutum zai gina bene ya ja wuta da ruwa, babu mai leƙawa. Muna jefa hita mai tsirarar waya cikin bokiti a ɗakin da yara ke rarrafe. Muna kiran mai gyara mu matse shi a ciniki har sai ya rage kayan aiki, idan kuma abin ya lalace ya ce a yi haƙuri, mu haƙura. Ga rana tana dukanmu shekara zagaye, wadda za ta iya dafa ruwa a baƙin tanki bisa rufi, amma itace muke ƙonawa.

A makon nan na kira ƙanena a Kano na tambaye shi game da hitar bango da na sa aka girka wa Hajiya a banɗaki. Da ya bincika, sai ya tarar ba a ja mata wayar da ke kai wuta ƙasa ba, mai aikin ya ce masa ba dole ba ce. Na tura kuɗi, na ce a kashe ta daga makunni, kada Hajiya ko wani ya sake amfani da ita sai an ja wayar an binne sandarta, kuma ya turo mini hoton aikin in gani da idona.