Levodopa ko Artane: abin da na gani a jikin Baba

Hajiya, kin tambayi wanne ya fi wa Inna tsakanin magungunan nan biyu, levodopa da Artane. Tunda likita ya tabbatar rawar hannun Inna ciwon Fakinsan ne, ki ɗauki levodopa wanda aka haɗa da karbidopa, irin su Sinemet, ki rabu da Artane. Allah ya ba ta lafiya.

Shekara 4 ke nan Babanmu yana shan levodopa. Kafin nan maɓallin riga ma gagarar sa yake yi, in zai tashi daga tabarma sai mutum biyu sun kama. Bai cika wata da farawa ba na iske shi a zaure yana zuba shayi da kansa, ko ɗigo bai zube ba. Ɗaki na koma na yi kuka.

A ciwon nan, wani sinadari ne mai suna dofamin ya yi ƙaranci a ƙwaƙwalwa. Shi dofamin ba ya iya ƙetare shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, amma levodopa yana wucewa, sai ya isa ciki ya rikiɗe ya zama dofamin. Karbidopa ɗan rakiya ne, yana hana shi rikiɗewa a hanya, shi ya sa tashin zuciya ke raguwa. In kin ga 25/250 a kwali, karbidopa miligiram 25 ne, levodopa 250. Kuma levodopa ƙofa ɗaya yake bi a hanji da sinadarin gina jiki na nama, wake da nono, suna tare masa hanya. Mu minti 30 kafin abinci muke ba Baba, furarsa da nono ta jira.

Artane yana rage rawar, yana da arha, iyakarsa ke nan. Arhar ta ja ni na saya, na yi da na sani: bakin Baba ya bushe, fitsari ya riƙe, cikin dare yana ganin mutanen da ba su nan. Tsoho ba ya jure shi.

Don Allah ki guji masu tallar magani a tebur da faranti nan cikin Damagaram. Ƙwaya ta wuni a rana, ba kwali, ba ranar lalacewa, mai ita yana rantsuwa daga Faransa ta zo. Ki je farmasi da takardar likita, shi zai tsara mata awo. In Inna ta fara levodopa, kada a yanke shi rana ɗaya, yana da hatsari sosai, ki riƙa sayen na gaba tun saura na mako guda.