Kafin ka miƙa ɗanka gidan horo

Uban da ɗansa ya faɗa shan tramol ko shaƙar sholisho ba ya rasa masu ba shi shawara a Maradi. Wannan ya ce gidan mari, wancan ya ce tsangayar ƙauye, wani kuma ya ce a kai shi cibiyar koyon sana'a mai wurin kwana.

Gidan mari aka fi saurin ambata, don aikinsa a ido yake. Wata uku kawai, sai ka tarar da yaro ya yi laushi, kai a sunkuye, yana gaishe ka a durƙushe. To amma wanda ke cikin sasari ai dole ya yi ladabi. A Satumban 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da ƙarfe a ƙafa da tabon bulala a gadon baya. Makonni kaɗan bayan nan aka sake ganin haka a Daura. Ni dai ba zan bar nawa inda za a hana ni ganinsa mu biyu kaɗai ba.

Tsangaya kuwa malaminta ce. In yana ciyar da almajiransa, madalla. In bara suke fita, yaron zai haɗu da ƙwayar a tasha.

Cibiyar sana'a ta fi jan lokaci, kuma yaro na iya gudu tun da ba a kulle shi ba. Sai dai wanda ya daure yana fita da abin yi a hannu: ɗinki, walda ko gyaran babur.

Ko wanne ka nufa, kada ka auna shi da yaran da ke ciki. Tambayi mai gidan: "Malam, cikin goman da kuka sallama bara, nawa ke aiki ko karatu yau? Nawa aka dawo muku da su? Wa ke leƙa su bayan sun koma fadar abokansu?" In ya ce duk sun shiryu, bai bi sawunsu ba ne.

Tambaye shi ma ko suna da likita. Wanda ya saba da tramol, ranar da aka yanke masa sai zufa, ciwon gaɓoɓi, zawo da rashin barci, kuma bulala ba ta maganin wannan.

Sannan ka roƙi a haɗa ka da iyaye biyu waɗanda 'ya'yansu suka yi wata shida da fita. Ka je gidajensu da ƙafarka, ka zauna da yaran.