Hular Ingila ko hular Faransa: wacce ta dace da fadar 1537?

'Yar'uwa, na ga tambayarki. Kina karatu a Ingila, kin shiga cikin masu raya tarihi, wato masu sa tufafin zamanin da suna kwaikwayon rayuwar lokacin, za ku fito da fadar Sarki Henry na Takwas yadda take a 1537, ke kuma an ba ki matsayin ɗaya daga cikin matan da ke yi wa sarauniya hidima. Riga ta samu, saura abin kai. Kina wasi-wasi tsakanin hular Ingila mai tsini da hular Faransa mai zagaye, kuma kin ce ba kya son gashinki ya fito. Na ɗinka su duka biyun da hannuna, don haka bari in jera miki su ki gani.

Hular Ingila, idan kin tsaya gaban gida mai rufin kwano kin ɗaga kai, to kin ga siffarta: tsini a sama, gangara dama da hagu, sannan ta sauko a miƙe ta gefen kumatu. Fuska na zama a ciki kamar hoto a firam. Gashi kuwa ko sili ɗaya ba ya fita, domin a goshi akwai zirin siliki biyu masu ratsi da suke gittawa su toshe wurin. Ta gefe akwai falle biyu na ƙyalle mai ado. A hoton Elizabeth ta York, mahaifiyar Henry, wadda ta rasu a 1503, fallayen sun zubo har ƙirji. Zuwa shekarun 1530 an daina barin su haka, sai a naɗe su sama a kafe da fil. Wannan bambancin ki riƙe shi da kyau, don shi ne ke nuna shekara.

Hular Faransa ba ta da kusurwa ko ɗaya. Tana zama can baya a kai, ta bi zagayensa daga kunne zuwa kunne, ta bar gashin gaba a fili da tsaga a tsakiya. A ƙasa akwai farar hular lilin, a bakinta zirin zinariya mai tattara, sai jeri biyu na ado, lu'ulu'u ko aikin maƙerin zinariya, ɗaya a gaba ɗaya a sama, sannan baƙin mayafi ya sauka ta baya ya ɓoye ragowar gashin. Ta fi sauƙi a kai, ta fi fito da ƙuruciya, shi ya sa kowace sabuwar shiga ita take fara so. Ni ma haka na yi.

Amma shekarar da kika ambata ita ce ta yanke hukunci, kuma nan ne labarin ya fi daɗi. Sarauniyar 1537 Jane Seymour ce, wadda Henry ya aura bayan an sare kan matarsa ta biyu, Anne Boleyn, a ranar 19 ga Mayu 1536. Anne ta yi shekaru a fadar Faransa, kuma an san ta da salon can. Jane ta koma wa shigar gida, ta kuma ɗora wa matanta. Akwai wata budurwa, Anne Basset, da ta yi tarbiyya a Faransa ta shigo hidimar Jane a wannan shekara. Mahaifiyarta, Lady Lisle, tana zaune a Calais, wakilinsu na Landan John Husee yana aika mata wasiƙu. A ciki ya shaida mata cewa dole yarinyar ta sa hular karammiski irin ta Ingila, har ya ce ya gan ta a ciki kuma a ganinsa ba ta yi mata kyau kamar ta Faransa ba, amma abin da sarauniya take so shi za a yi. Kin ga matsayin da aka ba ki shi ne daidai na wannan yarinya. Idan kika shiga bayan Jane da hular Faransa, duk wanda ya san tarihin zai ga kin yi abin da aka hana mai wannan matsayi. Jane ta rasu ranar 24 ga Oktoba 1537, kwana 12 bayan ta haifi Edward, daga nan hular Faransa ta dawo da ƙarfinta. Hoton Gimbiya Elizabeth, 'yar Henry, cikin jar riga, na wajen 1546, ita ce a kanta, haka ma hoton yayarta Sarauniya Mary na 1554, sai dai a nan saman ya baje.

Wani abu da ke damuna shi ne yadda ake raba su kamar ƙungiyar ƙwallo, wai mai tsini ta Catherine ta Aragon, matar Henry ta farko, da Jane ce, mai zagaye ta Anne ce ita kaɗai. Ba Anne ce ta fara kawo hular Faransa ƙasar Ingila ba: ƙanwar Henry, Mary, wadda ta auri Sarki Louis na 12 na Faransa a 1514, an zana ta da ita tun Anne ba ta dawo gida ba. Kuma lambar ƙarfe da aka buga da hoton Anne a 1534, tana raye tana sarauniya, hular Ingila ce a kanta.

Wajen ɗinki, ta Ingila ta fi cin lokaci, amma ta fi faɗa miki gaskiya, domin idan kusurwa ta karkace nan take za ki gani a madubi. Ta Faransa kuwa yaudara gare ta. Tawa ta farko na yi mata tudu a tsaye kamar kambi, yadda na saba gani a finafinai, na kwana uku ina jera mata duwatsu ɗaya bayan ɗaya. Sai wata dattijuwa a cikinmu ta ja ni gefe ta nuna min hotunan gumakan da ke kan kaburburan matan wancan zamani, an ɗauke su ta gefe. Hular a kwance take, tana bin kai. Masu zane ta gaba suke zana ta, shi ya sa take kamar a tsaye. Na koma gida na warware ta gaba ɗaya, raina a ɓace. Cikakkiyar hula ta asali ba ta kai zamaninmu ba, ko wannan ko waccan, saboda haka zane da gumaka su ne malamanmu.

A taki, malamai biyu sun ishe ki, dukansu aikin Hans Holbein, mai zanen fadar Henry. Na farko hoton Jane da kanta, wanda ke Biyana ta ƙasar Ostiriya: ki lura fallayen a naɗe suke, kuma jela ɗaya ta baƙin mayafin an ɗaga ta an kafe a sama. Na biyu zanen wata mata da ke gidan tarihin Birtaniya a Landan, an nuna ta gaba da baya. Shi ne zai nuna miki ƙeyar hular, wani ɗan akwati mai kusurwa huɗu da jela biyu na fitowa daga ƙarƙashinsa. Mutane da yawa gaba kawai suke gyarawa, alhali masu kallo rabin yini bayanki suke gani.

Kada ki sa kwali a ciki. Na gwada, zufa da yayyafi suka lanƙwasa min tsinin kafin la'asar. Ki nemi ƙyalle mai tauri irin na masu yin huluna, ki bi gefensa da waya, ki lulluɓe. Baƙin karammiski na auduga ya fi na roba, wanda ke sheƙi a rana ya tona asiri. Farar hular lilin a ƙasa dole ce, a jikinta komai ke kafuwa, kuma ita za ki riƙa wankewa.

Batun gashi kuwa kin huta, hular Ingila ta rufe shi da kunnuwa ba tare da kin ƙara komai ba. Abin da zai rage wuya ne da saman ƙirji, tunda rigunan fada wuyansu a buɗe yake mai kusurwa huɗu. Matan lokacin suna da ɗan ƙyallen da suke rufe kafaɗa da ƙirji da shi, fari na lilin ko baƙi, ki ɗinka guda ki haɗa. Ki tanadi fil na tagulla da yawa, ki kuma sa hular a gida na awa biyu ko uku kafin ranar. Tana rage ji, tana kuma tare ganin gefe, sai kin saba da juya kai gaba ɗaya idan an yi miki magana.