Bitar kayan maganin murar yara da ake saye ba tare da takardar likita ba

Duk kantin maganin da mutum ya shiga zai tarar da kanta guda da aka keɓe wa murar yara, cike da ruwan gishirin ɗigawa a hanci, robar zuƙo majina, sirof ɗin tari iri-iri, man shafawa a ƙirji, bitamin C mai zaƙi, zink, da kwalaben tsirrai waɗanda aka rubuta musu alƙawarin ƙarfafa garkuwar jiki da manyan baƙaƙe. Na yi amfani da yawancin waɗannan kaya a kan 'ya'yana, na kuma bibiyi abin da binciken likitoci ya nuna game da su, kuma hukuncin da na yanke shi ne cewa kayan da suka fi sauƙi da araha su ne suka fi cancantar a saye su, yayin da waɗanda aka fi yi wa ado da talla suka fi ƙarancin hujja.

Kafin a auna kowane kaya, dole a san abin da ake tsammani daga gare shi. Mura da tarin da ke kama yara ƙwayoyin bairas ne ke kawo su, kuma irinsu sun haura ɗari, shi ya sa ƙaramin yaro mai cikakkiyar lafiya yake iya yin mura sau 6 zuwa 8 a shekara ba tare da wani abu ya sami garkuwar jikinsa ba. Yawanci ciwon yakan yi tsanani a kwana na biyu ko na uku, ya lafa cikin kwana 7 zuwa 10, amma tarin yakan iya jan jiki har mako uku. Babu ko ɗaya daga cikin kayan da ke kan wannan kanta da yake kashe bairas, haka ma maganin antibayotik, wanda aikinsa a kan bakteriya ne. Iyakar abin da za a nema a wurinsu shi ne yaro ya samu ya yi numfashi cikin sauƙi, ya sha nono ko ruwa, ya yi barci, har jikinsa ya gama yaƙin da kansa. A kan wannan ma'auni na duba su.

Wanda ya fi kowane burge ni shi ne ruwan gishirin hanci tare da robar zuƙo majina. Ruwan ba komai ba ne illa gishiri kashi 0.9 cikin ɗari a tsabtataccen ruwa, babu wani magani a cikinsa, saboda haka ana iya ɗiga wa jariri sabon haihuwa. Amfaninsa ya fi fitowa a wurin jarirai, domin a watannin farko ta hanci suka fi yin numfashi, kuma jaririn da hancinsa ya toshe yakan kama nono ya saki, ya kama ya saki, yana kuka da yunwa alhali abincin yana bakinsa. Idan aka kwantar da shi rigingine, aka ɗiga ɗigo biyu ko uku a kowane hanci, aka jira kamar minti ɗaya, busasshiyar majinar takan yi laushi ta fara fitowa da kanta. Daga nan sai a matse robar tun tana waje, a sa bakinta a ƙofar hanci kaɗan, a sake ta a hankali. Wanda ya matse ta bayan ya sa a hanci, iska zai hura ya tura majinar can ciki. Lokacin da ya fi dacewa shi ne kafin shayarwa da kafin barci, domin idan aka yi bayan jariri ya ƙoshi yakan yi tumbuɗi.

Ina da ƙorafi biyu a kan robar. Na farko, mai siffar ƙwallo wadda ba a iya buɗe ta tana da wuyar wankewa, ruwa yakan kwanta a cikinta, kuma ba a ganin abin da ya taru a ciki, don haka na fi son wadda ake warwarewa gida biyu, ko mai dogon bututu da matata wadda babba yake zuƙa da bakinsa, wadda ke ba wasu ƙyama a karon farko amma ta fi ba mutum ikon daidaita ƙarfin zuƙar. Na biyu, yawan zuƙar yana kumbura fatar cikin hanci har ta yi jini, sai toshewar ta ƙaru, shi ya sa sau uku ko huɗu a yini ya wadatar. Game da hujjar bincike, wani gwaji da masana a Jami'ar Edinburgh suka gabatar a 2024 ya nuna cewa yara masu shekara 6 zuwa ƙasa da aka ɗiga wa ruwan gishiri wanda ya fi wannan yawan gishiri sun warke da kimanin kwana biyu kafin sauran. Gwaji ɗaya bai isa a kafa doka a kansa ba, amma ga abin da illarsa ba ta wuce ɗan kuka na minti ɗaya ba, wannan ƙarin dalili ne na ajiye shi a gida.

Zuma ce ta biyu, kuma ita ce kaɗai maganin tari da zan iya yabawa da gaba gaɗi. A 2007 Dakta Ian Paul da abokan aikinsa a Jami'ar Jihar Pennsylvania ta Amurka sun kwatanta zuma da dekstrometofan, wato sinadarin da ke cikin yawancin sirof ɗin tari, a kan yara 105, kuma iyaye suka ba zuma maki mafi yawa wajen rage tarin dare da samun barci. Nazarin 2018 na Cochrane, ƙungiyar masana da ke tace sakamakon binciken lafiya, wanda ya tattara gwaje-gwaje shida a kan yara 899, ya kammala cewa da alama zuma ta fi rashin ba da komai, ta kuma fi maganin gwaji marar sinadari. Rabin ƙaramin cokali zuwa cokali ɗaya kafin kwanciya ya isa, ko ita kaɗai ko a cikin ruwan ɗumi, sannan a wanke haƙora. Abin da na gani shi ne tarin ba ya ɗaukewa gaba ɗaya, sai dai tazarar da ke tsakanin tari da tari takan ƙaru har yaro ya samu barci ya ɗauke shi. Amma akwai sharaɗi wanda ba a sassauta shi: ba a ba jaririn da bai cika wata 12 ba zuma, ko da lasa ce, domin tana iya ɗauke da ƙwayar da ke kawo cutar botulizim, wadda ke shanye jijiyoyin jariri har numfashi ya gagare shi. Ya kamata a karanta bayan kwalba ma, saboda sirof da yawa da ake kira na tsirrai akwai zuma a cikinsu.

Shi kuwa sirof ɗin tari da mura na kanti, wanda ya fi komai cika kanta, ban ga dalilin saya wa ƙaramin yaro shi ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2008 kada a ba 'yan ƙasa da shekara 2, kamfanonin da kansu suka mayar da iyakar zuwa shekara 4, ita kuma takwararta ta Birtaniya ta sa iyakar a shekara 6 tun 2009. Dalilin shi ne ba a tabbatar yana aiki a jikin yara ba, alhali an tabbatar da illarsa, daga bugun zuciya da sauri zuwa magagi da jijjiga. Haɗarin da aka fi faɗawa ciki shi ne na ninka magani, domin sirof mai haɗe-haɗe sau da yawa yana ɗauke da farasitamol, uwa kuma ta ƙara ba da farasitamol daban saboda zazzaɓi, hanta ta karɓi ninkin abin da ya kamata. Duk wanda ke ɗauke da kodin kuwa ba na yara ba ne sam.

Man shafawa a ƙirji mai kafur da mantol yana tsaka-tsaki a wurina. Ba ya buɗe hanci a zahiri, sanyin mantol ne ke sa yaro ya ji kamar iska ta fi shiga, amma wannan jin kansa yana taimaka wa barci, kuma wani gwaji na 2010 a kan yara masu shekara 2 zuwa 11 ya nuna haka, ko da yake da yawansu sun yi kukan raɗaɗi a fata da ido. Ba a shafa wa wanda bai kai shekara 2 ba, ba a sa shi a cikin hanci, kuma a ajiye kwalbar inda hannun yaro ba ya kaiwa, domin haɗiye kafur yana kawo jijjiga. Na'urar da ke feso sanyayyen tururi a ɗaki ma haka take: tana sauƙaƙa bushewar maƙogwaro idan iskar ɗaki ta bushe, amma tana buƙatar a zubar da ruwanta a wanke ta kullum, in ba haka ba wani santsi yakan kama gindin tankin, na'urar ta riƙa fesa shi cikin iskar da yaron ke shaƙa. Siracin ruwan zafi a kwano dai ba zan ba da shawararsa ba, saboda amfaninsa bai tabbata ba, ƙunar da yake jawo wa yara kuwa sananniya ce a asibitoci.

Ɓangaren ƙarin sinadarai, wato su bitamin, zink da kayan tsirrai, shi ne inda tazara tsakanin abin da aka rubuta a kwali da abin da aka tabbatar ta fi faɗi. Bitamin C ya samu sunansa na maganin mura tun 1970, lokacin da masanin kimiyya Linus Pauling ya tallata shi, amma nazarin Cochrane na 2013, wanda ya duba mutane fiye da 11,000, ya nuna cewa shan sa kullum bai rage yawan kamuwa da mura a tsakanin jama'a ba. Abin da ya yi shi ne rage tsawon ciwon da kashi 14 cikin ɗari a yaran da suke shan sa tun kafin su kamu, wato kimanin kwana ɗaya, amma fara shan sa bayan mura ta riga ta kama bai nuna wani amfani tabbatacce ba. Wannan yana nufin kwalbar da aka ruga aka saya ranar da hanci ya fara zuba ta zo a makare. Idan aka yawaita shi kuma yana kawo gudawa, kuma wanda ake yi kamar alewa yana jan hankalin yara su cinye kwalba guda idan suka same ta.

Zink yana da ɗan abin faɗa, domin akwai alamun yana rage kwanakin mura, sai dai yawancin gwaje-gwajen a kan manya aka yi su, da ƙwayar tsotsa wadda ƙaramin yaro zai iya shaƙewa da ita, ga ɗaci da tashin zuciya. Na fesawa a hanci kuwa an yi gargaɗi a kansa a Amurka a 2009 bayan mutane sun rasa jin ƙamshi. Kada a rikita wannan da zink ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ba yaro mai gudawa na kwana 10 zuwa 14, wanda amfaninsa tabbatacce ne. Tsiron ekinesiya an gwada shi a 2003 a kan yara masu shekara 2 zuwa 11, bai rage ciwon ba, ya ƙara fesowar ƙuraje, kuma Birtaniya ta ce a 2012 kada a ba 'yan ƙasa da shekara 12. Sirof ɗin 'ya'yan wani itace da ake kira elda, mai kyan launi da tsada, gwaje-gwajensa ƙanana ne kuma sakamakonsu ya saɓa wa juna. Bitamin D yana da matsayinsa ga jaririn da ke shan nono da yaron da aka tabbatar yana da ƙarancinsa, amma ba abin da ake farawa da shi ba ne a tsakiyar mura. Abin da ya fi damuna da wannan ɓangare baki ɗaya shi ne, a ƙasashe da yawa, ciki har da Amurka tun dokar 1994, ba a tilasta wa kamfani ya tabbatar da cewa irin wannan kaya yana aiki kafin ya fitar da shi kasuwa, saboda haka alƙawarin ƙarfafa garkuwar jiki magana ce ta talla wadda babu wanda ya auna ta.

Abin da ba a yi masa talla amma ya kamata a fara saye shi ne ma'aunin zafin jiki mai nuna lamba, da sirinjin auna magani a maimakon cokalin cin abinci. Farasitamol ana ba da shi bisa nauyin yaro, kimanin miligiram 15 ga kowane kilo, ba fiye da sau huɗu a awa 24 ba, kuma don yaro ya ji sauƙi ake ba shi, ba don lamba ta sauka kawai ba. Asfirin ba a ba yara saboda wata cuta mai suna Reye da ke taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Zafin da ya kai digiri 38 a jaririn da bai cika wata uku ba na asibiti ne nan take, komai kayan da ke gida. Haka nan idan aka ɗaga rigar yaro yana kwance a natse aka ƙirga numfashinsa na cikakken minti ɗaya, aka samu 60 ko fiye a wanda bai kai wata biyu ba, 50 a ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 a ɗan shekara 1 zuwa 5, wannan alamar nimoniya ce. Idan ƙasan ƙirji yana lotsawa ciki a kowane jan numfashi, ko leɓe ya yi shuɗi, ko yaro ya ƙi shan komai, fitsarinsa ya ragu, ko ya yi laushi da wuyar tayarwa, ko zazzaɓin ya tafi ya dawo bayan an fara samun sauƙi, sai a bar kayan gida a tafi da shi wurin likita, a kuma ɗauki duk kwalaben da aka riga aka ba shi domin likitan ya ga abin da ya sha da adadinsa.