Kwamfutar Inji a Kan Hayabusa Mai Turbo: Abin da Na Gani

Babur ɗina Suzuki Hayabusa ne, ƙirar farko da ta fito a 1999 da inji mai cc 1299. An ɗaura masa turbo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska don ƙarfinsa ya ƙaru, don tseren miƙaƙƙen layi na kwata mil, wato mita 402. Cikin injin ya sha gyaran da aka saba: fistan masu ƙwari da suka sauke matsi daga 11:1 na kamfani zuwa wajen 9:1, da ringin da aka ƙara wa tazara saboda zafi, da kusoshin kan silinda masu kauri. Sharhina a kan kwamfutar inji ne, mai sarrafa mai da wutar filogi, irin wadda ake saya daban a maye gurbin ta asali da ita. A ganina ta fi duk waɗancan ƙarafa tsawaita ran injin.

Abin da ya fi hallaka injin turbo shi ne mai ya fashe da kansa a cikin silinda, saboda zafi da matsi, kafin wutar filogi ta gama cinye shi. Da ƙarar salansa da hular kwano a ka, kunnenka ba zai taɓa jin haka ba. Sai dai a buɗe inji a tarar da gefen fistan ya ɓare. Wannan kwamfuta tana karanta iskar salansa da na'urar awo, ta san ko mai ya wadata. Fetur na ƙonewa daidai a kashi 14.7 na iska kan kashi 1 na mai, amma idan turbo ta cika mun saita shi wajen 11.5, don rarar man ta sanyaya silinda. Duk ƙarin matsin turbo kuma tana ja da taimin, wato lokacin da filogi ke ba da wuta, baya kaɗan. Idan famfon mai ya gaza a tsakiyar gudu, kafin hannunka ya saki totur ta riga ta yanke wuta.

Wani abin da ya burge ni shi ne raba matsin turbo giya-giya. A giyar farko kaɗan take bayarwa, don taya ta kama ƙasa kuma gaba kada ya tashi, sannan ta riƙa ƙarawa. Kuloci da haƙoran giya sun huta, lokacina kuma ya gyaru.

Tana kuma ajiye bayanan kowane gudu. A nan muka ga matsin baƙin mai yana faɗuwa na ɗan ƙiftawar ido a wurin tashi. Ashe kaskon mai marar zurfi da aka sa don babur ya yi ƙasa shi ne sanadi: da ka fizga, sai man ya tattare a baya, bakin famfo ya shaƙi iska. Aka sa bututun tsotso mai juyawa da ke bin man, magana ta ƙare. Ba don bayanan nan ba, da sai metal, wato beyarin cikin inji, ya ƙone za mu sani.

Aibunta kuwa akwai. Saitin da take zuwa da shi na tada inji ne kawai, wanda ya shiga fili da shi ya sayi rigima. Dole a hau na'urar auna ƙarfi tare da gwanin da ya san injin babur, don wanda ya saba da mota kaɗai kan yi kuskure a nan. Wayarin ɗin ya ci rai, littafin bayanin kuma a taƙaice yake. Tashi da sanyi da daidaita silo sun fi saitin cikakken gudu ba mu wahala, abin kamar wasa. Na'urar awon salansar ma ba ta daɗewa idan man tseren yana da dalma, sai ka riƙe wata a ajiye.

Mai niyyar komawa E85, wato man da mafi yawansa ethanol ne aka gauraya da fetur, ya sani cewa inji yana shan sa kusan kashi 30 cikin ɗari fiye da fetur, kuma kwamfuta ba ta iya ƙaro man da nozul da famfo suka kasa kawowa. A fara da canza waɗannan. Ni har yanzu ina ciro filogi bayan gudu in duba launinsa, domin na'urar awo ɗaya ce a kan silinda huɗu, jimillarsu take gani, ba ta nuna wanda ke ƙishin mai shi kaɗai.