8 da 8 ko 10 da 10: wanne ake rabawa a blackjack?

Ɗan uwa da ka tambaya, ka ce kana buga blackjack, wasan katin nan da ake neman kusantar 21 ba tare da an wuce ta ba, a waya da kuɗin bogi na cikin gem, kuma ka kasa gane dalilin da ake cewa ka raba 8 biyu amma kar ka taɓa 10 biyu, alhali a ganinka 10 ce ta fi ƙarfi. Toh bari mu ajiye su gefe da gefe.

Idan kati biyun farko suka zo iri ɗaya ana ba ka dama ka raba su zuwa hannu biyu, sai ka ƙara wani kuɗin daidai da na farko.

8 da 8 jimlarsu 16, kuma babu hannun da ya kai 16 muni a wasan nan. In ka tsaya, dila, wato mai raba kati da kake karawa da shi, dole ya ci gaba da ja har ya kai 17 ko sama, kenan ba za ka ci ba sai in shi ya wuce 21 ya ƙone. In ka ja kuma, 6, 7, 8, 9, 10, J, Q, K duk ƙona ka za su yi, kala 8 cikin 13 fa kenan. Amma da ka raba kowane hannu zai fara daga 8, kuma a kati 52 guda 16 ne masu darajar 10 (wato 10, J, Q da K), ka ga sau da yawa 18 za ta fito maka, wani lokacin 3 ta faɗo ka samu 11.

10 da 10 kuwa 20 ce, 21 kaɗai ke doke ta, in dila ya yi 20 canjaras ne. Kana rabawa ka bar tabbas ka koma neman sa'a, 5 ko 6 ta sauka a kai ka dawo 15 ko 16 ɗin da kowa ke gudu, ga shi kuɗi biyu ka zuba. Ko katin dila da ke buɗe 6 ne ka bar 20 ɗinka yadda take, kwaɗayi ne kawai ke sa mutane su raba ta.

Abin da nake so ka riƙe da kyau shi ne raba 8 ba wai yana nufin za ka ci ba. In dila na nuna 10, ko ka raba ko ba ka raba ba kai ne a ƙasa, rabawar rage asara take yi kurum. Wasu sojojin Amurka huɗu ne suka buga wannan lissafin a 1956, da injin lissafi na tebur suka yi aikin, kuma ko wanda ya bi shi tsaf gidan wasa na da rinjaye a kansa na kusan rabin kashi ɗaya cikin 100. Shi ya sa don Allah ka bar shi a kuɗin bogin nan, da zarar kuɗin gaske ya shiga ta zama caca, ka kuma san hukuncinta.

Katin A (wato ace, mai darajar 1 ko 11) guda biyu ana raba su kamar 8, sai dai galibi kati ɗaya tak za a ba kowane hannu, kuma 21 ɗin da ta fito nan ba a biyanta 3 a kan 2 kamar 21 ta kati biyun farko, biyan ɗaya da ɗaya ake yi. 5 biyu kuma 10 ce mai kyau, kar ka raba, ninka kuɗin ake yi a karɓi kati ɗaya in dila na nuna 2 zuwa 9.